Ruwan Makka Ba Irin Na Ɗa'ifa Ba Ne

Akwai laifin da ba a kai mai shi gaban alƙali, amma yana rusa gida fiye da sata. Laifin kuwa shi ne mutum ya aika muryarsa inda ake jiran ƙafarsa. Magabata sun gama magana tun ranar da suka ce zuwa da kai ya fi aike. Wanda ya ɗauki maganar wasa, to ya gyara zama ya ji abin da ya sami Abdulwadud.

Abdulwadud haifaffen Makka ne, a Nakkasa, unguwar nan da gidaje ke hawa kan juna a jikin dutse. Kakansa ya zo aikin hajji a ƙasa daga Katsina, bai koma ba. Shekarar da rusau ya cinye ɓangarensu ita ce shekarar da mahaifiyarsa ta riga mu gidan gaskiya. Sai ya naɗe katifarsa, ya rungumi kwamfutarsa, ya hau Ɗa'ifa, garin da ke can saman tsauni, tafiyar awa ɗaya da rabi a mota. Ya kama ɗaki guda a saman benen wani tsoho mai gonar furanni.

Aikinsa ba ya bukatar ya taka ko'ina. Wani kamfanin umara na Kano ne ya ɗauke shi. Daga ɗakin nan yake kama wa maniyyata otal, ya yi musu tafinta da direbobi ta waya, ya nemo jakar da ta ɓace, ya lallashi hajiyar da aka ba ɗaki marar taga. Mutum ɗari kan ji muryarsa a yini, babu ɗaya da ya san kamanninsa.

A shekarar da abin nan ya faru, sama ta yi wa Ɗa'ifa alheri fiye da yadda aka saba. Garin dama ba shi da zafi. Da safe hazo mai laima ya gangaro daga tsauni ya rufe titi. Da azahar yayyafi ya fara, ba ya ƙarfi, ba ya kuma ɗaukewa. Mutanen Makka kan ce masa, "Kai kam ka huta, kana shan iska muna gasuwa." Murmushi kawai yake yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba. Bangon da ke bayan katifarsa ya yi baƙin funfuna. Ya koyi dabaru irin na mai zama shi kaɗai. Yakan cusa tsohon tawul a ƙarƙashin ƙofa, ya kunna fitila da rana tsaka don kada duhun gajimare ya danne masa zuciya, ya ajiye butar shayi da na'ana'a kusa da ƙafarsa. In kewa ta ishe shi sai ya yi wa kyanwar mai gida magana da Hausa, don kada harshensa ya manta hirar da ba ta aiki ba. Yakan yi kwana huɗu bai haɗa hannu da ɗan Adam ba.

Wata rana ana ruwa mai ƙarfi, ladanin unguwar ya ƙara a cikin kiran salla cewa kowa ya yi salla a gidansa. Sauƙi ne addini ya yi wa mutane ranar wahala. Abdulwadud ya ji daɗin sauƙin nan har ya mayar da shi bargo. Daga ranar, ko yayyafin da bai isa ya jiƙa hula ba aka yi, sai ya shimfiɗa darduma a ɗaki. Kasuwa ma ya daina zuwa, sai dai ya buga waya a kawo masa. Sabo turken wawa. Sannu a hankali ruwan sama ya zame masa dalilin rufe ƙofa, ba wani abu ba.

Abu ɗaya ne ya rage da ke jawo shi ƙasa, wato Rumasa'u.

Rumasa'u 'yar Malam Mailafiya ce, maƙwabcinsu na da a Nakkasa. Shekarunta ashirin da biyar. Tana ɗinkin abaya a gida, tana jinyar mahaifinta, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara shida. Uwarta ta rasu, ba ta da wa, ba ta da ƙane. Su biyu ne a gidan, can gindin dutse, inda lunguna uku suka haɗu.

Shekara biyu tana cewa Abdulwadud take so, shekara biyu tsohon yana kau da kai. Shi hankalinsa na kan Nawaf, ɗan amininsa, saurayi mai faɗin ƙirji da ke tura tsofaffi da marasa lafiya a keken ɗawafi a Harami. Nawaf bai iya zance ba. In ya zo gidan sai ya gyara famfo, ya ɗaga tsohon ya juya masa kwanciya, ya sha shayi ya tafi.

Ran da Abdulwadud ya durƙusa gaban Malam Mailafiya, tsohon ya dube shi ya jefo masa tambaya.

"Ya waladi, ɗana, mene ne aikin nan naka? Na tambayi yarinyar nan sau uku, ta kasa gaya min."

"Baba, hidimar masu umara nake yi, ta intanet."

"Kana ɗaukar musu kaya?"

"A'a, Baba."

"Kana kai su Safa da Marwa?"

"A'a. Daga ɗaki nake yi."

"To, aikin da ake yi daga kan katifa ni ban san shi ba. Amma ban ce haramun ne ba." Ya numfasa. "Ba dukiya nake nema ba, ƙafarka nake so in gani. Juma'a goma sha biyu za ka sauko, ka tura ni zuwa Harami, mu yi salla, mu dawo mu ci shinkafa a faranti ɗaya. Ranar ta goma sha biyu ka zo da manyanka. Wanda zai riƙe 'yata, da ni zai riƙe, don ba ta da inda za ta ajiye ni."

Juma'a biyar na farko bai yi fashi ba. Ya tura keken, gumi ya jiƙa masa riga, tsohon har ya fara ba shi labarin yadda Harami yake kafin a yi masa bene. Sannan damina ta kama Ɗa'ifa. Ya fasa ta shida, ya zo ta bakwai, ya fasa biyu a jere, ya zo ɗaya, ya sake fasawa.

Duk ranar da bai zo ba sai ya aiko saƙon murya mai daɗi, rabi Larabci rabi Hausa, ya gaida Baba, ya ce hazo ya sa an rufe hanyar Hada, wato gajeriyar hanyar da ke gangarowa Makka ta bakin tsauni. Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuwa hazon ya washe tun hantsi, bargo ne bai sake shi ba. Rumasa'u takan kara wayar a kunnen mahaifinta. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Muryarsa da daɗi. Kira min Nawaf."

Bayan fashi na huɗu ta zauna a gefen katifar uban ta yi kuka har mayafinta ya jiƙe. Ta ce kaɗaici ne ya yi masa yawa, ta ce maraya ne, ta ce in sun yi aure zai sauko ya zauna cikin mutane. Tsohon ya ji tausayinta.

"Kalas, ya isa. In ya zo ta ƙarshe, na yafe sauran."

*

Ranar Alhamis, jajibirin Juma'a ta goma sha biyu, Abdulwadud ya goge farar jallabiyarsa ya rataye. Ya riga ya sanar da kawunsa da ke unguwar Zahir ya shirya, gobe bayan salla za su je neman aure.

Bayan azahar aiki ya rikice. Jirgi ya sauke mutum arba'in a Jidda, motar da za ta ɗauke su ba ta zo ba, otal kuma ya ce bai ga sunayensu ba. Yana tsakiyar wannan sai wayarsa ta kansa ta yi ƙara. Rumasa'u ce.

"Yaya Wadud, hadari ya haɗu."

"Babu ko sallama, amarya?"

"Assalamu alaikum. Yaya, hadari ya haɗu baƙi ƙirin. An fara yayyafi."

Ya dubi tagarsa, inda ruwa ke gangarowa a jikin gilashi kamar kullum, ya yi dariya.

"Barka, yau kun samu rabonku. Mu nan kwana tara ke nan ba mu ga rana ba."

"Ba irin naku ba ne. Iska ta tsaya cik. Maƙwabta sun fara hawa da kayansu sama."

"Mutanen Makka ke nan. Ɗigo uku, sai a fara neman jirgin Annabi Nuhu."

Ba ta yi dariya ba. Ta kawo maganar mahaifinta, wanda take kira Abuya.

"Abuya ne ya ce in kira ka. Ya ce tunda gobe za ka zo, ka taho yau kafin a rufe hanya, ka kwana wurin kawunka. In abin ya yi yawa a samu mai ɗaga shi. Ka san ba zan iya hawa matakala da shi ba." Ta sassauta murya. "Yaya, bai ce in kira Nawaf ba. Kai ya ce."

A ɗaya kunnen nasa wani alhaji na ta faɗa daga Jidda, yana cewa matarsa na da ciwon suga kuma ba ta ci komai ba tun Kano.

"Rumasa'u, saurara. Ni yanzu na zama malamin ruwa. Ki cusa tawul a ƙarƙashin ƙofa, ki rufe taga, ki kunna fitila, ki dafa wa Baba shayi da na'ana'a. Kafin ku shanye ya ɗauke."



"Tawul," ta ce.

"Tawul. Ina da mutum arba'in a filin jirgi, har da tsofaffi. Gobe da sassafe ina ƙofarku, in Allah ya yarda."

"Yaya, tsoro nake ji."

"Babu abin da zai faru. Zan kira ki."

Ya kashe ƙarar wayar, ya kifa ta a kan darduma, ya koma kan alhazansa.

Ruwan Ɗa'ifa a kan ƙasa yake sauka, gonaki su shanye, itatuwa su yi godiya. Ruwan Makka a kan tsuran dutse yake sauka, babu mai shan ko ɗigo. Kowane ɗigo gangare yake nema, su haɗu a lungu, lungu ya zama rafi, rafi ya ɗauki mota kamar kwalin ashana. Duk ɗan Nakkasa ya san wannan kafin ya iya ɗaura wando. Abdulwadud ma ya sani. Zaman ɗaki ne ya shafe masa.

Gab da magariba ya gama. Mutum arba'in sun shiga ɗakunansu, mai ciwon suga ta ci abinci, shugabansa na Kano ya aiko masa da yabo. Ya yi miƙa, ya zuba shayi, ya juya wayar.

Kira goma sha tara. Na ƙarshe ya yi awa uku da shigowa.

A ƙarƙashinsu saƙo biyu. Na farko ya ce, "Ruwa ya shigo." Na biyu ya ce, "Yaya ka ɗauka don Allah."

Kofin ya suɓuce masa. Ya kira, wayarta a kashe. Ya sake kira, a kashe. Yana tsaye sai ya ga wani saƙo na uku daga lambar da bai sani ba, gajere, da Larabci. Suna lafiya, suna unguwar Aziziyya gidan Gwaggo Rakiya, ƙanwar tsohon. A ƙasa an rubuta, Nawaf.

Ya sauka titi da gudu babu ko takalmin kirki. A bakin tasha wani direba ya gaya masa an rufe Hada, amma ɗaya hanyar, ta zagaye, a buɗe take. Tana da nisa, akwai ruwa a wasu wurare, amma shi yanzu zai tashi, saura kujera ɗaya.

Abdulwadud ya tsaya. Yayyafi na sauka a ƙeyarsa. Ya ce a ransa ai suna lafiya. Ya ce gidan Gwaggo ƙarami ne, ina zai tsaya. Abin da bai faɗa ba ko a ransa shi ne, bai san da wace fuska zai dubi tsohon ba.

"Sai da safe," ya ce wa direban.

Safiyar Juma'a hazo ya fi na kullum kauri. Hada na rufe har yanzu, ta zagaye na buɗe har yanzu. Ya sa farar jallabiyar, ya zauna a bakin katifa, ya cire ta. Ya kira kawunsa ya ce a ɗaga maganar. Sannan ya ɗauki waya ya yi abin da ya fi iyawa. Sau huɗu yana ɗaukar muryarsa yana gogewa, har ya samu wadda ta yi masa. Ya yi jaje, ya jawo aya a kan haƙuri, ya ba da hanzari, muryarsa ta karye daidai inda ya kamata. Ya tura wa wayar Gwaggo Rakiya.

Aka saurari saƙon. Ba a amsa ba.

Haka Juma'a ta goma sha biyu ta wuce, yana zaune da kyanwa, yana jin huɗuba daga nesa.

*

Ranar Asabar rana ta fito. Ya sauko Makka, zafi ya tare shi a ƙofar gari kamar bai san an yi ruwa ba.

Nakkasa ya fara zuwa. Lungun ya cika da laka da tarkace, katifu a shanye a kan katanga. A bangon gidan Malam Mailafiya ruwa ya bar layi daidai ƙirjin mutum. Keken ɗinkin Rumasa'u na kwance a tsakar gida, baƙaƙen abayoyin mutane sun cakuɗe da taɓo.

Nawaf na ciki da shebur yana kwashe laka, ƙafarsa ta dama naɗe da bandeji, an ɗaura leda a kai. Ya ɗago.

"Ahlan, Wadud. Ka zo."

"Me ya sami ƙafar?"

"Kwanon rufi ne a cikin ruwa. Ban gan shi ba, ina goye da Baba." Hausarsa a daddatse take, ta wanda ya fi sabawa da Larabci. "Ƙaramin abu ne."

"Jiya fa? Baba ya yi salla a gida?"

"Ya ce shi ba ya fashin Juma'a. Na kai shi."

"Da wannan ƙafar?"

"Ai keken ke tafiya, ni riƙewa kawai nake yi."

Ya koma kan shebur ɗinsa. Da Nawaf ya zage shi da ya fi wa Abdulwadud sauƙi.

A Aziziyya, hawa na uku na wani tsohon ginin alhazai, Gwaggo Rakiya ce ta buɗe ƙofa. Ƙanwar Malam Mailafiya ce, gajeriyar tsohuwa mai kaifin baki. Ta dube shi daga hula har takalmi.

"A'a, mai murya ne. Shigo mu gani, ashe kana da jiki."

"Gwaggo, ina wuni. Ya muka ji da wannan abu?"

"Mun ji da shi, mu da muka ji. Saƙonka kuwa ya iso lafiya, ko jiƙewa bai yi ba. Har hawaye na yi. Na ce yaron nan da gidan rediyo ya samu da ya yi suna."

Malam Mailafiya na kwance a falo a kan katifa, an lulluɓe shi duk da zafin garin. Tari yake yi. Abdulwadud ya durƙusa, ya fara jero gaisuwa. Tsohon ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Juma'a nawa ka zo?"

"Bakwai, Baba."

"Ni ma haka na ƙirga." Ya yi tari. "Da ruwa ya kai min wuya ina kwance, yarinyar nan ta tallafe kaina da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da waya. Na ce mata ta yar da ita ta riƙe ni da biyu. Ta ce yanzu za ka ɗauka."

Abdulwadud ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa tabarma.

"Ban kore ka ba, ya waladi. Ni tun farko ban so ba, ita ta so. Maganar na hannunta. Tana baranda."

Barandar 'yar ƙarama ce, an kewaye ta da katako mai huda-huda. Rumasa'u na zaune a kan kujerar roba, sanye da abayar Gwaggo da ta yi mata gajarta. Gwaggo ta bar ƙofar a buɗe, ta zauna daga ciki tana tsince shinkafa. Ya tsaya a bakin ƙofar, bai ƙarasa ba.

"Rumasa'u."

"Sannu da zuwa, Yaya. Ya hanya?"

"Ki yafe min."

"Na yafe. Tun a cikin ruwan na yafe, don ban san ko zan fita ba, ban so in tafi da kai a wuyana."

Hawaye suka zubo masa.

"Wallahi ban san abin zai kai haka ba. Can kullum ake yi, ba ya komai. Na ɗauka irinsa ne."

"Yaya, a lungunmu aka haife ka. Kai ka nuna min layin ruwa a bangon masallaci muna yara. Kai ka ce min wata shekara ruwa ya tafi da akuyarku da ƙofar gidanku. Ni daga bakinka na fara jin tsoron hadari."

"Na manta."

"Na sani. Shi ya fi ba ni tsoro."

"Mutum arba'in ne a hannuna, Rumasa'u. Da tsofaffi, da marar lafiya. In na sake su aikina ya tafi. Aikin nan kuwa don ke nake yinsa."

"Ban raina aikinka ba. Shekara biyu ina kare shi a gaban Abuya, ko fahimtarsa ban gama yi ba. Su arba'in ɗin suna da kai. Allah ya ba ka lada." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ni wa nake da shi?"



"Alhamis ma zan iya cewa ƙaddara ce," ta ci gaba. "Ba ka ga kiran ba, ba ka gani ba. To, da ka gani fa? Jiya tun asuba nake nan wurin. Daga nan ana hango titi. Duk motar da ta tsaya sai in miƙe. Abuya ya ƙi yarda Nawaf ya ɗauke shi har aka kusa kiran farko. Yana ta cewa a ɗan jira, yaron nan yana hanya. Shi da bai taɓa son ka ba, shi ne ya jira ka."

"Kunya ce ta hana ni."

"Kunyar wa? Mu da muka fito daga laka babu mayafi, a gaban maza? Da ka zo da kunyar taka mun haɗa da tamu."

Daga ciki Gwaggo ta ja tsaki a hankali.

Abdulwadud ya durƙusa a bakin ƙofar.

"Zan bar Ɗa'ifa. Gobe zan kwaso kayana. Zan kama ɗaki a nan Aziziyya, in zo kullum, ba Juma'a kaɗai ba. Ki roƙi Baba ya ƙara min goma sha biyu. Ya ƙara min hamsin."

Ta dubi titi ta cikin hudar katakon. Kuka take yi, amma muryarta ba ta rawa.

"Da za ka yi, na sani. Wata ɗaya, wata biyu. Sannan wata rana a yi zafi, ko aiki ya rikice, ko ranka ya ɓaci, ka ja ƙofa. Ɗakin nan na Ɗa'ifa, Yaya, ko ka sauko da shi za ka sauko. Ni kuwa ina da tsoho mai nauyi, ba na iya ɗaga shi ni kaɗai. Na gwada. Ka ga hannuna."

Ta miƙa hannuwan. Duk sun kumbura, fatar ta saɓule a wuyan hannu.

"Ba ki son Nawaf," ya ce. "Kin sha gaya min."

"Ban ce ina son sa ba. Har yau in ya zauna ban san me zan ce masa ba. Kai kuwa in ka yi magana sai in manta da yunwa." Ta yi ɗan murmushi cikin hawaye. "Amma ban kira shi ba ranar Alhamis, ko sau ɗaya. Yana Harami da fasinja a keke, ya ga hadari, ya miƙa wa abokinsa keken, ya taho da gudu. So in Allah ya ga dama zai zo daga baya. In bai zo ba, na san dai ba zan nutse ina riƙe da waya ba."

"Kin ba su amsa ke nan?"

"Jiya bayan la'asar na gaya wa Abuya. Bai tambaye ni ba, ni na faɗa. Manyansa za su zo Juma'a mai zuwa."

"Rumasa'u, ni kaɗai ne fa. Ba ni da kowa sai ke."

Nan ne ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta suka yi ta rawa. Ya ɗauka ta karaya. Ya jira. Da ta ɗago sai ta ce:

"Na sani, Yaya. Shi ya sa na kai shekara biyu. Allah ya ba ka wadda ta fi ni ƙarfi. Ka riƙa fita masallaci ko ana ruwa, don Allah. Ka riƙa gaisawa da mutane."

Ta miƙe, ta raɓa ta gefensa, ta shige ɗakin ciki ta ja labule.

Gwaggo Rakiya ta raka shi bakin ƙofa. Wannan karon ba ta yi masa ba'a ba. Ta ce ya tsaya ya ci abinci, ya ce ya ƙoshi. Ta ce to Allah ya kiyaye hanya. Ya sauka hawa uku yana dafa bango.

Da na sani ƙeya ce, a baya take. Ga lissafin abin da Abdulwadud ya rasa, don mai hankali ya riƙe. Ya rasa macen da ta yi shekara biyu tana jayayya da mahaifinta saboda shi, wadda ta kira shi sau goma sha tara ruwa na hawa jikinta. Ya rasa tsohon da ya fara kiransa ɗa bayan ya daɗe yana ƙi. Gida ɗaya ne ya rage a duk faɗin Makka da ake ajiye masa faranti ranar Juma'a, shi ma ya rufe. Kawunsa da ya sa babbar riga ya zauna jira bai ƙara ɗaukar maganarsa da nauyi ba. Aikin kam bai rasa ba. Yana tsaye a bakin titin Aziziyya, rana na dukansa, wayar aiki ta yi ƙara, wata hajiya ce ke kuka ta ɓata a ƙofar Harami ba ta ga 'yan'uwanta ba. Ya share fuska, ya gyara murya, ya ce mata ta kwantar da hankalinta, ta tsaya inda take, za a turo wani.